Rufin da Ke Fito a Kwanar Ɓaure

Dahar Ballut, Lubnan, farkon Afrilu 1994

Zuwa ga Shukri ɗan Wardiya, a Abu Dabi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hiyam da 'yan matanku. Mu nan mun gode Allah. Gwiwata tana nan, ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Rafik surukin maƙwabtanmu zai koma aiki wajenku, na ba shi wannan takarda da kwalbar makdus, gautan nan da nake jiƙawa a man zaitun. Ka duba murfin, don na san halin Rafik.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna. Shekara biyu takardar ta'aziyyarka tana cikin akwatin ɗinki ban amsa ba. Kakata da kakarka nono ɗaya suka sha, saboda haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Na ƙi amsawa ne don kai ka ƙera wa ɗana Gassan fiffiken nan da ya ɗora a bayan motarsa. Na yi ta tambayar kaina, wane mai hankali ne zai sa wa mota fiffike, sannan ya yi mamaki don ta tashi?

Ba ka nan, to bari in gaya maka abin da ba a rubuta maka ba. Ranar tseren hawan dutsen, da motar ta faɗa kwari a Kwanar Ɓaure, fiffiken ya ɓalle ya maƙale a reshen ɓauren. Ko ƙwarzane bai yi ba. Wuyan ɗana ya karye, shi kuwa abin banza ya tsira. Da muka zo gina masa ɗan ɗakin tunawa a bakin hanya, da hotonsa a bayan gilashi da fitilar mai da gunkin Maryamu, sai na ce wa Abu Tanus magini ya yi rufin da shi. Na ce tunda bai kare shi da rai ba, ya kare hotonsa daga ruwa. Abu Tanus ya ɗora shi doro a sama, yadda ruwa zai riƙa gangarewa.

Shukri, abin nan yana fito. Da la'asar, in iskar teku ta hauro kwari, sai ya fara wata ƙara siririya, irin fiton da Gassan yake yi ta tsakanin haƙora in yana wanke baƙin mai a bakin famfo. Kuma yana son tashi. Sau biyu yana tumɓuke ƙusoshinsa daga siminti, mu same shi da gefe ɗaya a ɗage. Fada Yuhanna ya ce iska ce. Na ce masa ai ban ce aljani ba ne, amma wa ya koya wa iska fiton ɗana? Kullum da la'asar ina can, in zuba mai a fitila, in zauna in saurara.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Naji, ƙanen Gassan, ya tayar da motar. Tun da aka jawo ta daga kwari yake kanta, in ya taso daga garejin da yake aiki. Ina tsammanin baƙin ciki ne yake sarrafawa da hannu, sai na ƙyale shi. Ashe tseren Agusta yake hange. Ranar Lahadi muna cin abinci ya ce:

"Mama, ki ara mini rufin Yaya na wata guda."

"Je ka tambaye shi," na ce. "In ya amsa, ka ɗauka."

Ya ajiye cokali ya fita. Ɗa ɗaya ya rage mini, Shukri, ba ni da wani. Ka gaya mini gaskiya ba tare da maganar injiniyoyi ba: mene ne aikin abin nan, kuma motar za ta iya tseren in babu shi? In kana da wata kalma da za ta hana yaron nan, ka haɗo da ita.

'Yar'uwarka,
Afifa, Umm Gassan

*

Abu Dabi, ƙarshen Afrilu

Yaya Umm Gassan,

Takardarki ta iso, kwalbar ma ta iso, murfinta kuma na shaida an taɓa shi. Muna lafiya, sai zafi da ya fara. Hiyam tana gaishe ki, ta ce ki daina hawa dutse da wannan gwiwa.

Ban ji haushin shirunki ba. Wata guda muka yi da Gassan a garejin nan, hutun da na zo gida, muna goge abin nan da hannu. Yana ta fito har na ce zan toshe masa baki da tsumma. Ina tuna shi duk ranar da na taɓa fiffiken jirgi, wato kullum, tunda shi ne abincina.

Ga amsarki. Fiffiken jirgin sama doronsa yana sama, in iska ta bi ta kansa da gudu sai ta ja shi sama. In aka kifa shi, doron ya koma ƙasa, sai iskar ta danna shi ƙasa. Na Gassan kifaffe ne. Aikinsa shi ne ya danne bayan motar a kan kwalta. Ki ɗora tafin hannunki a kan tebur ki ja, zai sulale. Ki danna da ƙarfi ki sake ja, za ki ji ya kama. Haka taya take a kwana, gwargwadon yadda aka danne ta, gwargwadon yadda take riƙe hanya. Dannin kuma da gudu yake zuwa, in gudu ya ninka, shi sau huɗu yake ninkawa. A ƙananan kwanonin cikin gari ba ya tsinana komai. Amma Kwanar Ɓaure doguwa ce, a guje ake shigarta, a nan shi ne hannun da yake riƙe da motar.

Abin da ya fitar da Gassan daga hanya ban sani ba, ba na wurin. Wasu sun ce tsakuwa ce ta zubo a kwalta. Abin da na sani shi ne har lokacin da ya ɓalle, abin nan ƙoƙarin riƙe shi a ƙasa yake yi.

Abu Tanus ya ɗora shi irin na jirgi ne, shi ya sa yake son tashi. Fiton kuma daga tsagar da ke tsakanin ganyensa biyu yake fitowa. Na faɗa ne don kin tambaya, ba don in hana ki jin abin da kike ji ba.

A kan fiffiken nan aka gina motar. In babu shi ba za ta iya Kwanar Ɓaure ba, kuma babu mai ƙera irinsa kafin Agusta. Maganar hana Naji kuwa, Yaya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, da motar dakon tuffa yake tsere.

Ƙanenki,
Shukri

*

Dahar Ballut, tsakiyar Mayu

Shukri, Allah ya yi maka albarka,

Muna lafiya, tuffa ta yi fure, gwiwa ta yi sauƙi. Tun rasuwar Gassan ban ci abinci da daɗi irin na makon nan ba, kuma kai ne sanadi. Ka ba ni makulli a hannu.

Na karanta wa Naji layin nan naka a kan tebur, sau biyu, a hankali: in babu shi ba za ta iya Kwanar Ɓaure ba. Na ce ga maganar wanda ya ƙera abin, ba maganar tsohuwa mai tsoro ba. Washegari na kira Abu Tanus ya ƙara siminti, na sa aka kawo mai walda ya liƙe notunan gaba ɗaya. Yanzu ko mala'iku sai sun zo da zarto.

Naji bai yi gardama ba. Ya dube ni ya ce, "To, Mama," ya ci gaba da cin wakensa. Yana dai zuwa gareji har yanzu, ina jin motar yake gyarawa ya sayar. Ya zubo mata sabon hanci daga tsohon mazubin da kuka bari, da wani dogon leɓe a ƙasa kamar na raƙumi, saura kaɗan ya shari ƙasa. Na ce masa duk wanda ya sayi wannan ba ya buƙatar tsintsiya. Har ya yi dariya.

Bayaninka na tafin hannu na gwada shi a teburin kicin, gaskiyarka. Maganar tsaga kuwa ka riƙe abinka. Sarewa ma rami ce da iska, amma ba ka taɓa jin an ce babu mai busa ba. Na je na gaya wa Gassan cewa ƙanensa ya tsira. A ranar, fiton ya yi ƙarfi ƙwarai, har na ji shi tun daga wajen famfon gari. Na ɗauka murna yake yi.

Ka gaishe da Hiyam. Na yafe maka, in ma akwai abin yafewa.

Afifa

*

Dahar Ballut, Yuli

Shukri,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Wata biyu ban ga rubutunka ba. Na ce wa kaina shiru ma magana ce, da ka ga kuskure a abin da na yi da ka faɗa. Da wannan nake rarrashin kaina.

Ba sayar da motar zai yi ba. Na je gidan burodi sai ga takardar tseren a manne a bango, da sunayen masu shiga. Ina tsaye da tiren gurasar manakish a hannu na ga sunansa, a ƙasan lambar da Gassan yake sawa. Matar mai burodi ta yi kamar tana neman wani abu a ƙarƙashin kanta.

Shekaranjiya da safe ya fita gwaji a hanyar da ake fasa dutse. Ya dawo bayan motar a goge, fenti ya tafi, shi kuma leɓensa a fashe. Na tambaye shi, ya ce ba komai, bayan ne ya ɗan yi wasa. Ya ce gaban yana kama hanya kamar an sa masa danƙo, bayan ne kawai yake son ya riga shi isa.

"Shukri ya ce ba za ta iya ba," na ce.

"Ita ya ce, Mama. Bai ce ni ba. Zan saba da ita."

"Haka yayanka ya ce mini a kan wannan kujerar."

"Yaya yana da fiffike," ya ce. "Ni ina da ke."

Ban san ko zagi ba ne ko roƙo. Ina ta cewa jiki magayi, wannan gogar za ta tsorata shi. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Naji bai taɓa iya fito ba, tun yana yaro Gassan yake tsokanarsa a kan haka. Jiya ina kicin na ji fito a bakin famfo, ta tsakanin haƙora. Na saki kwano ya fashe. Na leƙa, Naji ne yana wanke hannu, kuma da na tambaye shi ya ce shi bai san yana yi ba.

Simintin rufin ma ya sake tsagewa, duk da waldar. Tsoro nake ji, Shukri. Ka rubuto ka ce daidai na yi.

Afifa

*

Abu Dabi, farkon Agusta

Yaya,

Muna lafiya, amma ki yi haƙuri, yau gaisuwar gajeriya ce. Tun ranar da na karanta takardarki ta Mayu na amsa. Na ba wani ɗan Zahale, ashe a Kubrus ya tsaya bai ƙarasa gida ba, sai yanzu na ji. Na yi ta neman layin wayar shagon Abu Jamil na garinmu, a mace yake. Na nemi hutu an hana ni. Wannan na ba wata ma'aikaciyar jinya da za ta sauka Bairut jibi, ta yi mini alkawarin hannu da hannu.

Ba daidai kika yi ba, kuma shiruna ba yarda ba ne. Gargaɗi na rubuta miki, kika karanta shi makulli. Da na ce motar ba za ta iya ba, ban ce ba za ta tashi ba. Za ta tashi, za ta yi gudu, za ta kai shi har Kwanar Ɓaure.

Leɓen nan da kika yi wa dariya shi ne abokin fiffiken. Shi yana danne gaba, fiffiken yana danne baya, tare aka auna su. Ki danna gefe ɗaya na tire ki ga abin da ɗaya gefen zai yi. Yanzu gaban motar yana manne da kwalta, bayan kuwa yana ƙara sauƙi duk lokacin da gudu ya ƙaru. A hanyar fasa dutse ya juya da ɗan gudu, ya samu bango. A Kwanar Ɓaure gudun ya ninka wancan, kuma kin san abin da yake bayan ɓauren.

In za ki iya hana shi shiga, shi ne mafi alheri, ki yi duk abin da za ki iya. In ce ya yanke leɓen ya bi a hankali, ɓata tawada ne. A gefen Gassan ya zauna duk gwajin da suka yi, gudu ɗaya ƙafarsa ta sani a wannan kwana, kuma gudun mota mai fiffike ne. In ya ƙi hanuwa, to ki ba shi. Ya ɗaura shi doro a ƙasa, a ramukan da Gassan ya yi wa alama da jan fenti. Ki ce masa kada ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, kuma kada ya kalli ɗakin tunawar. Inda ido ya je, nan mota take zuwa.

Na san abin da nake roƙo. Ina roƙon ki yaye wa ɗa ɗaya rufi ki lulluɓe ɗayan. In kin sake yin shekara biyu ba ki amsa mini ba, na yarda.

Shukri

*

Dahar Ballut, Satumba

Shukri ɗan Wardiya,

Gaisuwa gare ku duka. Gwiwa ta dawo da halinta. An fara tsinkar tuffa. Naji yana lafiya, yanzu haka yana tsakar gida yana cin inabi yana tofar da ƙwallaye inda na share. Na sa wannan a farko don na san da shi za ka fara nema.

Takardarka ta zo saura kwanaki kaɗan a yi tseren. Na yi fushi da kai yini guda, sannan na gwada hanyar farko. Na ɓoye makullin mota a tulun man zaitun, ya tayar da ita da waya. Na turo masa Fada Yuhanna, suka ƙare suna hirar tayoyi. Na kwanta a ƙofar gareji, ya kawo mini matashi da ruwan sanyi ya zauna kusa da ni har na gaji. Bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Abin da ya ce kawai shi ne, in bai wuce kwanar nan ba, a cikinta zai tsufa.

Jajibirin tseren na ari zarton ƙarfe wajen Abu Tanus. Ya ce zai zo ya yi mini, na ce a'a, ni na sa aka liƙe. Na isa ɗakin tunawar tun da hantsi amma ban taɓa komai ba. Na zauna har la'asar, iskar ta hauro, rufin ya fara fito. Na saurara har ya ishe ni, in ma yana isar mutum. Na ce, Gassan, ƙanenka yana son aro. Sannan na sa zarto. Yana ta fito ina yanka, har noti na ƙarshe, da na sauke shi ƙasa ya yi shiru.

Ashe ba shi da nauyi. Na rungume shi na bi ta tsakiyar gari, mazan da ke shan gahawa a ƙofar Abu Jamil suka miƙe tsaye kamar gawa ce take wucewa. Na ajiye shi a gaban Naji.

"Doro a ƙasa, in ji Shukri, a jan fenti. Kada ka ɗaga ƙafa. Kuma kada ka kalli yayanka."

Ya durƙusa zai sumbaci hannuna, na ce ya tashi ya nemi sufana.

Ranar tseren na je na tsaya a gaban ɗakin, na rufe hoton da jikina. Wani yaro mai jar tuta ya zo ya ce nan ne wuri mafi haɗari a dutsen duka, in matsa. Na ce masa na fi shi sani. Na ce ta nan ɗana ya fita, in wannan ma zai fita, ya same ni a bakin ƙofa. Ya je ya kira babbansu, shi kuma da ya ga ni ce sai ya juya.

Motoci suka yi ta wucewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ga ta Naji. Ta shigo kwanar da gudun da na rantse ba za ta fita ba, hancinta yana kallona. Na ga ta durƙusa a kan kwalta kamar an ɗora mata hannu a baya, na tuna teburin kicin. Naji bai dube ni ba, kansa yana can wajen fitar kwana. Da ta gifta, a bayan rugugin injin, na ji shi. Fiton nan ne, amma cikakke, da ƙarfi, yadda yake yi in yana cikin farin ciki, irin wanda bai taɓa yi mini a kan siminti ba. Ya bi motar ya haura dutse har na daina ji.

Naji bai ci tseren ba, ko kofin shan shayi bai samu ba. Washegari ya kwance fiffiken ya kawo mini, ya ce wata guda ya ara, ga shi tun kafin lokaci. Na tambaye shi ko ya gama. Ya sunkuyar da kai, ya ce akwai wani tseren a arewa cikin Oktoba. Na ce ya mayar da shi inda ya ciro.

Abu Tanus ya yi wa ɗakin rufin jan tayal, irin na kowa, mai kyau, ba ya motsi. Ina zuwa da la'asar kamar da. In zuba mai, in zauna, iskar teku ta hauro ta kaɗa ganyen ɓaure ta wuce. Iska ce kawai, yadda Fada ya ce. Ka rubuta cewa ba ka so ka hana ni jin abin da nake ji. Ba kai ka hana ni ba, da hannuna na yanke, kuma da za a sake da na sake yankewa. Amma kewarsa nake ji kamar a makon nan aka binne shi.

Naji ya ce in ina so zai tafi da ni arewa, akwai wata doguwar kwana da mutum zai iya tsayawa. Na ce zan duba gwiwata. Ka san zan je. Yanzu in ina son jin muryar Gassan, sai na bar Naji ya yi gudu.

Rafik zai kawo muku tuffa. Ka ƙirga su a gabansa.

'Yar'uwarka,
Afifa, uwar Gassan da Naji